Sunan da Khubaib Bai Cire Ba

Ranar da suka fara ganin juna sai da aka zubar da jini, kuma ba na Tayyiba ba ne.

Da hantsi ta sauko daga keke napep a bakin titin Tudun Wada, jakar kwamfuta a kafaɗa, za ta shagon mahaifinta. Ba ta kai ga tsallaka titi ba faɗa ya kaure a tashar 'yan keke, a kan wa ya riga wa shiga layi. Wani ya zaro ƙarfen kwance taya, wani ya fasa kwalba, duwatsu suka fara tashi. Tana tsaye a tsakiyar rikicin, sai ta ji an fizgi igiyar jakarta an ja ta cikin wani zaure. Saurayin da ya ja ta ya tsaya a ƙofa ya tare, guntun kwalbar da ya nufo ta ya tsaya a girarsa.

Ta miƙa masa hankici. Ya danne ciwon yana murmushi kamar ba fuskarsa ce ke zuba ba. Ya ce sunansa Khubaib, a shagon Malam Kailani mai kwamfuta yake aiki, kuma dama yau da ƙafar hagu ya tashi, don an ce ya je ya gana da wata mara imani da ta bi aikinsa da jan biro.

Tayyiba ta dube shi sama da ƙasa.

"Mara imanin ce ta ba ka hankici," ta ce.

Kunya ta fi ciwon yi masa zafi. Amma daga wannan kallon, yaron nan bai sake komawa daidai ba.

Malam Kailani tsohon malamin kwamfuta ne da ya yi ritaya ya buɗe shago, ya koyar da samarin unguwa rubuta manhaja. Idanunsa sun yi rauni, ya daɗe bai rubuta ko layi ɗaya na kod ba, wato rubutun da ake gina manhaja da shi, Khubaib ne ke riƙe da aikin. A lokacin, wata ƙungiyar masu keke ta ba su aikin manhajar da za ta riƙa tsara layi a tasha, ko a huta da irin abin da ya fasa wa Khubaib gira. A cikin manhajar akwai mataimakin AI, wato na'ura mai amsa tambaya kamar mutum, da shugabannin ƙungiya za su riƙa yi wa tambaya a waya. Khubaib ya ƙera wa mataimakin wani ɗan kayan aiki da ya raɗa wa suna Nawane, wato "na wane ne?" In wani sashe ya lalace, mataimakin zai tambayi Nawane wa ke da wannan sashen na kod, sai ya kai masa ƙorafi.

Ita kuwa Tayyiba ba ta daɗe da dawowa daga karatu a Kano ba, kuma sana'arta ke nan: duba bayanin da ake rubuta wa irin waɗannan kayan aiki, wanda AI ke karantawa kafin ya taɓa su, ta faɗi ko ya wadatar. Malam Kailani, wanda shi ne babanta, ya ce ta duba na yaronsa.

Bayanin Khubaib layi ɗaya ne tak da Turanci, ma'anarsa: yana faɗin mai kod da inda za a same shi.

Suna zaune a shago, filasta a girarsa, ta juyo masa da kwamfutar. Ta ce bai faɗi me yake nufi da mai kod ba, wanda ya rubuta ne ko wanda ya sa hannu. Bai faɗi wa ya halatta ya yi tambayar ba, bai faɗi lokacin da mataimakin ya kamata ya yi shiru ba. Sannan ta gwada a gabansa. Duk sashen da ta tambaya, amsa ɗaya ce ke fitowa: Malam Kailani, da lambar wayarsa, da kwatancen shagonsa.

"Baba ne ya rubuta tsarin layin nan?"

"Ni na rubuta."

"To me sunansa yake yi a kai?"

Khubaib ya dube ta kamar ta tambaye shi me ya sa ake gaida manya. Ya ce ta leƙa shagon kowane tela ko kafinta a Zariya, yaro ne zai yi ɗinki, amma sunan maigida ne a jiki. Shi da Malam ya ɗauko daga bakin kasuwar Tudun Jukun ya koya masa kama linzamin kwamfuta, da wane ido zai rubuta sunansa a inda na Malam ya kamata ya zauna? Kuma ai kowa ya san wa ke aikin.

"Kowa ya sani, ban da na'urar," in ji ta. "Ita ba ta san kara ba, ba ta san girmamawa ba. Abin da ka rubuta shi za ta faɗa, ga duk wanda ya tambaya, ko da wace niyya ya zo."

Ya yi dariya ya kira ta Malama Jan Biro. Sunan ya bi ta.

Daga gyaran bayani aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma sallama a ƙofar gida bayan la'asar. Khubaib ba gwanin magana ba ne a fili, in ya zo zance rabin lokacin ƙasa yake kallo, amma a waya bakinsa a buɗe yake. Wata rana ya rubuto mata:

"Malama Jan Biro, na je a cire min filasta, mai kemis ya ce tabon ba zai ɓace ba. Na ce masa dama ban so ya ɓace. Duk wanda ya tambaye ni, zan ce a nan Tayyiba ta shigo."

Ta karanta ta kife wayar a ƙirji, ta daɗe tana murmushi ita kaɗai. Sannan ta mayar masa:

"Injiniyana, kalamanka sun ci jarrabawa, bayaninka ne har yanzu bai ci ba. Ina sonka, kuma don ina sonka nake cewa ka cire sunan Baba kafin a ba mutanen nan manhajar. Ka yi min alkawari."

"Na yi miki alkawari, hasken idona. Gobe zan yi wa Malam magana."

Malam Kailani ya ji daɗin abin da ke tsakaninsu, ko bai faɗa ba fuskarsa ta faɗa. Hajiya Ishatu, mahaifiyar Tayyiba, ita ce ba ta ji ba. Ta ce ba ta kai 'yarta jami'a don ta ƙare a hannun yaron shagon ubanta ba. Tana da nata a zuciya: Jamaluddeen, ɗan ƙawarta na Hanwa, mai mota da ƙamshin turare, wanda kuma shi ne sakataren ƙungiyar masu keken. Ya sha zuwa, Tayyiba ta sha aiko masa cewa tana aiki. Ranar da ya iske Khubaib a zaure a kan tabarmar da shi ba a taɓa shimfiɗa masa ba, ya yi sallama da fara'a ya juya. Irin fara'ar nan ce da gara a zage ka.

Aka ba ƙungiya manhaja. Ta yi aiki lafiya na ɗan lokaci, har tasha ta yi sanyi. Sai wata Asabar da safe sabis ya ɗauke ya dawo, layin gaba ɗaya ya goge. Waɗanda suka fito tun asuba suka ga sunansu a ƙarshe, waɗanda suka zo yanzu suka ga kansu a gaba. Kuskuren Khubaib ne, ba ja. Kafin a ce me, an fasa gilashin keke, an kwantar da wani a kwata.

Jamaluddeen ya ga damar da yake jira. Ya hau kan benci ya ce su daina dukan juna, ba laifinsu ba ne, akwai wanda ya ci musu abinci yana zaune a inuwa. Ya ɗaga wayarsa, ya ƙure mata murya, ya tambayi mataimakin AI wa ke da tsarin layi kuma ina za a same shi. A ransa ya gama jin sunan Khubaib, don ya san shi ke aikin. Shi ya sa bai duba amsar ba kafin ya sakar wa jama'a ita.

Muryar na'urar ta fito a natse, ta ce Malam Kailani, ta faɗi shagonsa da layin da yake.

Jamaluddeen ya fara cewa su tsaya, amma ba wanda ya saurare shi. Sun riga sun zuba a guje.

Malam na zaune a kan kujerar roba a ƙofar shago, casbi a hannu, ya ga taro ya miƙe zai yi musu maraba. Gora ta fara sauka a haɓarsa. Ya faɗi, hularsa ta gangara cikin kwata, suka rufe shi da duka. Wasu suka afka ciki suka farfasa kwamfutoci, suka jefo kujeru waje. Maƙwabta na ihu suna cewa tsoho ne, ku ji tsoron Allah, ba mai ji.

Khubaib na dawowa daga sayen kati ya hango. Bai tsaya neman sanda ba, ya ratsa su ya kife a kan Malam, ya rufe kan tsohon da hannuwansa.

"Ni na rubuta! Wallahi ni ne, ku bar shi!"

Suka ji, suka kuma karɓa. Adda ta sauka a gadon bayansa, ta sake sauka a kafaɗa. Wani ya taka hannunsa na dama da takalmi har yatsun suka yi ƙara. Bai ɗaga ba. Sai da 'yan sintirin unguwa suka iso da 'yan sanda aka janye shi daga jikin Malam, rigunansu biyu sun jiƙe, ba a gane jinin wa ke jikin wa.

A asibiti aka ce haɓar Malam ta karye, aka ɗaure masa baki da wayar ƙarfe, sai abu mai ruwa ta tsinke. Khubaib na ɗakin da ke kallon nasa, kwance rub da ciki saboda ɗinkin baya.

Tayyiba ta shiga wurinsa sau ɗaya. Idanunta sun kumbura, amma muryarta a bushe take. Ta ce ta ji abin da ya yi, ta gode. Sannan ta tambaye shi abin da ya kawo ta.

"Ka yi min alkawari. Me ya sa ba ka cire ba?"

Ya juyar da fuska bango.

"Khubaib, da kai nake."

"Laifina ne," ya ce. Bai ƙara ba.

"Ka tare masa adda, na sani. Amma kai ka kira addar."

Ta fita. A baranda ta jingina da bango ta yi kukan da ba ta yi a gabansa ba, don har a lokacin tana sonsa, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

A unguwa magana ta bazu cewa da gangan yaron ya laɓe a bayan sunan tsoho, don in ta ɓaci ta faɗa kan wani. Jamaluddeen ne ya shuka ta, yana zuwa dubiya da ledar lemo yana girgiza kai. Ƙaryarsa ba ta yi nisa ba. Ɗaya daga cikin waɗanda aka kama, da aka ba da belinsa, ya zo har gida ya durƙusa a tsakar gida yana neman gafara. Ya ce Sakatare ne ya ce musu sunan Khubaib zai fito, su koya masa hankali. Hajiya ta saurara har ƙarshe. Da Jamaluddeen ya sake zuwa, a ƙofa ta tare shi, ta jefa masa ledarsa a ƙirji, ta ce in ya kuma tako layin nan da taɓarya za ta karɓe shi. Wanda ya san Hajiya Ishatu ya san ba barazana ba ce. Ƙungiya ta tuɓe shi, 'yan sanda suka gayyace shi.

Amma faɗuwar Jamaluddeen ba ta ɗaga Khubaib ba. Hajiya ta rantse ko maza sun ƙare, wanda ya jawo aka karya mata miji ba zai zama surukinta ba. Tayyiba ba ta yi musu ba. Saƙon Khubaib ya shigo, da hannun hagu ya rubuta:

"Tayyibata, ban ce ki yafe min ba. Ki faɗa min kawai ko Malam ya iya shan kunu yau."

Ta karanta ta share hawaye, ba ta amsa ba.

Duk wannan a kunnen Malam ake yi. An dawo da shi gida, yana kwance a falo, baki a ɗaure, idanu a buɗe. Da ya so, da ya nemi biro da takarda. Bai nema ba. Kunya ce ta riƙe shi, kuma kunyar dattijo nauyi gare ta.

Ranar da aka kwance masa wayar baki, suna dawowa gida ya nuna wa Hajiya da Tayyiba tabarma. Maganar na fita da ƙyar, a tauna, suka matso don su ji.

Ya ce yaron ya zo masa, washegarin ranar da ya yi wa Tayyiba alkawari. Ya durƙusa ya nemi izinin cire sunan, ya kawo duk hujjojin da ta ba shi, bai rage ko ɗaya ba.

"Ni na hana shi," in ji Malam. "Na ce masa, Khubaib, ido ya tafi, hannu ya tafi, sunan nan shi kaɗai ya rage min a cikin aikin. Ka bar min shi. Ya ce to, Malam."

Ya dubi Hajiya ya ci gaba.

"Yana kwance da sara a baya ana ce masa munafuki, ya ƙi buɗe baki don kada a ce tsoho ya so suna. Ni kuma ina ji na yi shiru. Ishatu, in akwai wanda ya karya min haɓa a gidan nan, ga shi zaune a gabanki."

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Tayyiba ta tashi ta shige ɗaki, ta rubuta wa Khubaib:

"Baba ya faɗa mana. Kai wane irin mutum ne? Na tsaya a kanka ina yanka maka magana, ka bar ni. Ka yafe min, masoyina. Ya sha kunu, har da tuwo mai laushi."

Amsa ta zo nan take: "Alhamdu lillahi. Ba ki yi min komai ba, Jan Birona. Gaskiya kika faɗa tun ranar farko."

Washegari Hajiya da kanta ta cika kula da farfesun kaza, ta ce wa Tayyiba ta ɗauko mayafi. Suka hau keke zuwa Tudun Jukun. Da Khubaib ya ga wadda ta yi sallama, ya yunƙura zai durƙusa, ɗinkin ya hana shi. Hajiya ta ce ya zauna. Ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ba halinta ba ne. Ta zuba masa farfesu ta ce ya cinye, ta ce wa mahaifiyarsa su turo manya.

Yatsunsa na cikin bandeji, don haka a tsakar gidansu, iyaye mata na hira a gefe, Tayyiba ta ɗora kwamfuta a cinya, yana faɗa tana bugawa. Sabon bayanin Nawane ya cika shafi. Ya ce mai kod shi ne wanda zai iya gyara shi yau, ba wanda ya fi girma ba. Ya ce ba a ba da lambar waya ko kwatancen gida ga kowa. Ya ce in mai tambaya daga wajen shago yake, mataimakin ya karɓi ƙorafin ya isar, kada ya ambaci sunan mutum. A kan kowane sashe suka sa sunan wanda ya rubuta shi, kuma kusan duka Khubaib ne.

Da suka kai ƙarshe yana ta neman sunan Malam a shafin, ta gane abin da ke cin sa. Ba ta tambaye shi ba, ta koma can saman shafin, inda mutane ke karantawa amma na'ura ba ta ɗauka, ta rubuta: Malam Kailani ne ya koya mana wannan aiki. Ta juyo masa da allon.

Ya daɗe yana kallo, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ci jarrabawar?"

"Ka ci," ta ce. "Amma akwai waƙafi ɗaya da ba a wurinsa yake ba."

An ɗaura auren bayan sallar Juma'a a masallacin layinsu. Masu keken nan, har da waɗanda suka ɗaga gora, suka zo suka jera kekunansu a bakin titi don kai 'yan biki kyauta, kowa a bayan wanda ya riga shi, ba wanda ya ɗaga murya. Ango ya sa babbar riga a kan tabon bayansa, yana gaisawa da hannun hagu.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, aka kai su gaban Malam. Har yanzu bakinsa ba ya buɗuwa sosai, kuma likita ya ce da wuya ya koma yadda yake. Ya kama hannun Khubaib mai karyayyun yatsu, ya ɗora na Tayyiba a kai, ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, Hajiya na amsawa da amin tana share ido.

Sannan ya ce a miƙo masa abin da ke jingine a bayan ƙofa. Sabon allon shago ne, fentin bai gama bushewa ba. Khubaib ya karanta ya ga sunansa, ya fara girgiza kai yana cewa Malam, don Allah.

"Na ce ka bar min, ka bari, ka ga abin da ya biyo baya," in ji Malam. "Yanzu na ce ka karɓa."

Khubaib ya sunkuyar da kai, ya sa hannu biyu ya karɓa.

Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya sa albarka a gidansu da aikin hannunsu.